Malam-buɗe-littafi Ba Ya Cikin Littafi: Dajin Birnin Gwari a Rubutun Hausa

Duk wanda ya ji an ambaci Birnin Gwari a 'yan shekarun nan, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne bindiga da babur da kuɗin fansa. Ba za a ga laifinsa ba. Hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta garin ta daɗe tana cin matafiya, ƙauyuka sun tashi, gonaki sun koma saura. Abin da rediyo ya faɗa, shi marubuta suka ɗauka, har ya zama idan mai gajeren labari yana so gaban mai karatu ya faɗi, ya ishe shi ya ce motar ta shiga dajin Birnin Gwari. Sunan kaɗai ya gama aikin.

Muna so mai karatu ya yi wani ɗan gwaji. Ya ɗauko kowane labari na garkuwa da mutane cikin waɗanda ke yawo a waya, ya je wurin da aka kora mutane daji, ya ƙirga sunayen tsirran da zai gani. Galibi zai tarar da "ƙungurmin daji", da "manyan itatuwa", da "dogayen ciyayi", da "ƙaya". Mutum ya kwana arba'in a ɗaure a gindin bishiya, amma marubucin bai gaya mana ko doka ce ko maje ba. An yi tafiyar yini guda ba takalmi, amma ba mu ji ko tofa ce ta huda ƙafa ko ƙarangiya ce ta manne a zane ba. Fure kuwa babu shi sam, balle malam-buɗe-littafi.

A ganinmu wannan giɓi ne babba a adabinmu, kuma illarsa ba ta tsaya a kan takarda ba. Wurin da ba a san sunan abin da ke cikinsa ba, ana iya ƙone shi, a sare shi, a feshe shi, ba wanda zai ce an yi asara.

Dajin da ke ƙasa

Bari mu fara da dajin kansa. Kusa da garin Birnin Gwari akwai Gandun Dajin Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. Tun 1936 aka keɓe shi a ƙarƙashin En'e, sannan a 1999 ya koma gandun daji na ƙasa. Ta arewa maso yamma ya haɗu da dajin Kuyambana na Zamfara, kogin Mariga ya ratsa tsakaninsu. An san shi da giwa da gwanki da kanki da gadu, da magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, da dutsen nan da ake kira Goron Dutse.

Ba irin dajin kudu ba ne mai rufe rana. Daji ne na doka da baushe da taura da maje da ƙirya da ɗorawa da namijin kaɗanya, rana na ratsa ganye ta sauka ƙasa, shi ya sa ciyawa ke da sarauta a cikinsa. Sarkin ciyawar kuwa gamba ce. Da kaka takan haura tsayin mutum nesa ba kusa ba, har ta kai mita uku inda ƙasa ke da kyau. Da ita ake saƙa zana, manomi kan bar ta a iyakar gona ta zama shaida tsakaninsa da maƙwabci, kuma idan wuta ta ci daji ita ke riga sauran fitar da ɗanyen toho, daidai lokacin da shanu suka fi jin yunwa. Bayan ta akwai kyasuwa mai jan kai, da tofa mai tsinin saiwa wadda ke mamaye gonar da ta gaji, da harkiya, da burburwa, da guɗeguɗe, da tsaure mai ƙamshi, da jema ta bakin fadama wadda ake ɗinka faifai da ita.

Wani abin lura shi ne, duniya ta riƙe waɗannan sunaye fiye da yadda littattafanmu suka riƙe su. Irin gambar da aka yaɗa wa makiyayan Kolombiya da Birazil daga Shika aka samo shi, nan kusa da Zariya. A Ostireliya, inda aka kai ta don kiwo ta gagari kowa saboda zafin gobararta, har yau da sunanta na Hausa suke kiranta. Haka kyasuwa ta shiga littattafan masana kiwo na ƙasashen waje da sunanta. Bature a arewacin Ostireliya ya san gamba, amma jarumin labarinmu ya ratsa ta yini guda bai san a cikin me yake tafiya ba.

Furannin dajin kuma suna da lokutansu. Bayan ƙuna, ƙasa baƙa wuluk, sai rawaya ta fito da manyan furanni a manne da toka tun kafin ta yi ganye ko ɗaya. Da hunturu gurjiya kan zubar da ganye ta cika da ja, minjirya ma haka. Madobiya da runhu su yi ruwan ɗorawa. Da damina baurairai ta naɗe jikin wasu tsirrai ta buɗe fure ja da rawaya mai lanƙwasa baya kamar harshen wuta, ga kuma tushenta mai dafi, wanda siffarsa ta sa wasu ke ce mata gatarin kurege. Bado ya rufe tafki. Ko ƙuduji da ke kashe dawa, furensa abin kallo ne.

Dajin da ke takarda

Wannan rashin suna ya girmi labaran waya. Tun daga littattafan farko, na gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, daji yake shigowa a matsayin hanya mai hatsari da jarumi zai ƙetare. Abin da ya ƙara wa batun armashi shi ne, biyu daga cikin marubutan 'yan wannan yanki ne. Abubakar Imam a Kagara aka haife shi a 1911, Bello Kagara kuma yayansa ne, Kagara kuwa maƙwabciyar Birnin Gwari ce ta ɓangaren Neja, ciyawarsu ɗaya, itatuwansu ɗaya.

Amma me muka samu? A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya keta ƙasashe yana neman ruwan magani, hankalin labarin duk yana kan dabara da raha da karonsa da Malam Zurƙe. A Ganɗoki, daji fagen fama ne, daga nan kuma sai duniyar aljanu. A Jiki Magayi, Abubakar ya faɗa daji ne neman asirin ramuwar gayya, ya fito da raunuka. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daji shi ne inda ɓarawo ya ɓoye yaron da ya sato, inda kura ta cinye ɓarawon, inda mahara ke kama bayi. Duk wanda ya karanta wannan littafi a yau zai ji tsikar jikinsa ta tashi, domin labarin satar yaro ne a kai shi daji, shekaru kusan casa'in kafin a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara a watan Fabrairun 2021.

Ba muna rage wa waɗannan magabata daraja ba ne. Sun tsaya a kan tatsuniya da Dare Dubu da Ɗaya, inda daji ke nufin wurin jarrabawa. Kuma masu karatunsu na wancan zamani, ko ɗan birni ne, ya san gamba da idonsa, ɗakin kakarsa da shifci aka baibaye shi. Idan Imam ya ce daji, mai karatu na cike sauran da kansa. Matsalar ita ce mun gaji salon, amma ba mu gaji idon ba. Yarinyar da ke karatu a waya a Rijiyar Zaki ko Rigasa, idan aka ce mata daji, ba ta da abin da za ta cike gurbin da shi sai hotunan bidiyon 'yan bindiga.

Su kuwa sunayen suna nan a ajiye, sai dai a wani ɗaki daban. Likitan nan J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su. Wato a shekarar da Ruwan Bagaja ya fito, an riga an rubuta ɗaruruwan sunayen ciyawa da furannin ƙasar Hausa, amma sai suka zauna a ƙamus, ƙagaggen labari ya bi wata hanya. Har yau hanyoyin biyu ba su haɗu sosai ba.

Ƙarya fure take

Fure kuma yana da tasa ƙaddarar daban. Bahaushe ya daɗe yana yi masa kallon zargi. Karin maganarmu ta ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Abin da ya yi kyau a ido ba amfani mukan ce masa furen juji. Manomi na son furen wake ne don waken da zai biyo baya. Ciyawa ma, in ta shigo magana, ko dai abar nomewa ce, ko kuwa ita ce ke shan wahala in giwaye na faɗa.

Duk da haka harshen ya ci amanar wannan zargi, domin launukanmu daga daji muka aro su. Rawaya sunan tsiro ne kafin ya zama sunan launi, daga saiwarta ake samun rini. Ruwan ɗorawa, ruwan goro, duk haka. Tsintsiya da muke buga misalin haɗin kai da ita, ciyawa ce aka yanko aka ɗaure. Mai rubutu da ya ce jarumarsa ta saka rawayan mayafi ya ambaci furen dajin Kamuku bai sani ba.

Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, fure ya samu shiga, amma ta ƙofar baya ya shigo, da rigar aro. Ya zama "fulawa". Tasirin finafinan Indiya ya kawo lambun da masoya ke zagayawa, daga baya labaran intanet suka ƙara da gidan attajiri mai "shuke-shuke masu ƙamshi" da mai ba su ruwa, da saurayi mai miƙa jan wardi a leda. A irin wannan rubutu fure alamar kuɗi ce, daidai da mota da gidan sama. Ba ya da lokaci, ba ya da ƙasa, yana buɗe da rani da damina, kuma ba ƙwaro ko ɗaya da ke sauka a kansa.

Mun fahimci dalili. Yawancin masu wannan rubutu mata ne mazauna birni, abin da suka gani suke rubutawa, kuma itatuwan birnin ma baƙi ne: darbejiya daga Indiya ta zo, turare daga Ostireliya. Sun yi wa adabinmu hidimar da ba a gama gode musu ba ta fuskar aure da saki da haƙƙin mace. Amma sakamakon shi ne an raba duniyar labari gida biyu: kyau na lambun birni ne da furen waje, muni na daji ne da ba shi da suna. Ɗan Birnin Gwari da ya karanta wannan, me aka gaya masa game da ƙasarsa?

Malamin da ba a gayyata ba

Babu ƙwaron da ya samu suna mai daɗi a Hausa kamar malam-buɗe-littafi. Wanda ya raɗa sunan ya tsaya ya kalli yadda yake buɗe fikafikai yana rufewa, ya ga malami da littafinsa. Wannan ido ne na mawaƙi. Sai ga shi suna ɗaya tak muka bar wa dangin gaba ɗaya, alhali Torben Larsen, a babban littafinsa na 2005, ya bayyana kusan iri 1,500 a Afirka ta Yamma kaɗai.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ma'auni shi ne, ba ya rayuwa a "daji" kawai. Kowane iri yana da tsiron da tsutsarsa ke ci, in babu tsiron babu shi. Baligin zai sha ruwan fure iri-iri, amma uwar ba ta saka ƙwai sai a kan ganyen da ta sani.

Ga misali. Akwai wani mai ruwan goro, bakin fikafikansa baƙi da ɗigon fari, namu na nan yamma fikafikansa na baya farare ne. Tsutsarsa tumfafiya take ci, da fataka wadda majema ke amfani da ita. Tana tara dafin farin ruwan nan a jikinta, ya bi ta har ta zama mai fikafikai, tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya ƙarawa. Shi ya sa yake tashi a hankali, ba ya gudun kowa. Akwai kuma wani iri daban wanda ba shi da dafi ko kaɗan, amma macensa ta ɗauki kamannin wancan sak, tsuntsaye na ganin ta su kauce. Marubucin da ke neman hoton mai shigar malamai ba ilimi, ko mai ɗaukar bindigar katako yana tare hanya, ga shi nan a bayan gari a kan tumfafiya.

Farare da rawaya da ke taruwa a bakin ruwa da damina suna tsotsar laka, da yawansu 'ya'yan runhu ne da marga da tafasa. Ƙananan farare masu ja ko ruwan lemo a bakin fiffike, a kan jiga da ciciwa da anza suke tashi. Wasu kuma kauci kaɗai suka sani, wato sai an samu tsohuwar bishiya da kauci ya hau sannan a same su.

Sai 'ya'yan ciyawa, waɗanda suka fi kowa shafar batunmu. Akwai wani mai launin ƙasa da ba ya son rana, sai magariba ta kawo jiki yake tashi, yana son ruɓaɓɓen 'ya'yan itace fiye da fure. Tsutsarsa koriya ce mai ƙaho biyu, ciyawa take ci, har da shinkafa. Wanda aka haifa da damina yana da ɗige-ɗige kamar idanu a ƙasan fikafikai, wanda aka haifa dab da rani kuwa idanun sun dushe, ya koma kamar busasshen ganye, in ya sauka a ƙarƙashin doka sai ka taka shi ba ka gani ba. Iri ɗaya ne, lokaci ne ya sauya masa riga. Akwai wani ma da ke fitowa ja da damina, shuɗi mai duhu da rani, har masana suka daɗe suna zaton iri biyu ne.

Ashe ke nan wanda zai sa malam-buɗe-littafi a labarinsa da gaskiya dole ya san wata, ya san tsiro, ya san ko hantsi ne ko magariba. Ƙwaro ɗaya ya tilasta masa sanin wuri. Wannan shi ne horon da rubutunmu na daji ya rasa.

Ana ta kai, wa ke ta kaya?

Mun san abin da wani zai ce. An kashe mutane, an sayar da gonaki an biya fansa, yara sun bar makaranta, ku kuwa kuna maganar fure da ƙwaro. Ƙorafi ne mai nauyi, bai kamata a share shi ba.

Amsarmu ita ce, ciyawar tana tsakiyar rikicin. Asalin saɓanin manomi da makiyayi a wannan yanki a kan me yake, in ba a kan ciyawa da ruwa da burtalin da aka nome ba? Me ya sa ake cinna wa daji wuta da farkon rani, in ba don tohon gamba da farautar ɓera da gafiya ba? Tsayin ciyawa ne ke sa daji ya ɓoye mutum da kaka, ƙuna ce ke tona shi da rani. Matar da ta saba tsintar kaɗanya da asuba ta yi man da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, da daji ya gagara shiga, abin da ta rasa yana da suna kuma yana da farashi. Tsohon da ke saƙa zana, mai kafa amya a kan ɗorawa, unguwarzoma mai neman saiwa, duk wannan rikici ya raba su da wani tsiro takamaimai. Labarin da bai san tsiron ba, bai san girman asarar ba.

Akwai kuma wata illa da ta fi wannan. Idan daji ya zama duhu kawai a rubutu, duk wanda ke cikinsa ya zama inuwa. Bafulatanin da aka kore wa shanu, Bagwariya mai gona a gindin dutse, Bakamuke, maharbi, ma'aikacin gandu, duk sai su narke su zama "mutanen daji". Daga nan kuwa ba wuya a ji masu cewa a ƙone dajin kowa ya huta. Marubucin da ya nuna mana wani yaro makiyayi da ya san ciyawa talatin da sunayensu, ya san wadda ke kumbura saniya da wadda ke kawo nono, ya mayar mana da mutum a inda labarai suka bar dodo.

Lokaci ma yana matsowa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da sulhu a yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta shekara da shekaru a rufe. Muna roƙon Allah ya tabbatar da zaman lafiya. Amma duk ranar da daji ya buɗe, ba manomi kaɗai zai koma ba. Mai gawayi zai koma wa ƙirya, mai katako zai koma wa madobiya, wadda sararta ta yi yawa a Afirka ta Yamma har aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya a 2017. Mai haƙar zinari zai buɗe rami. Maganin feshi, wanda ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, ba ya bambanta tofa da gambar iyaka, kuma ciyawar da ya kashe da ita yake kashe duk ƙwan da aka saka a kanta. Mutane na da haƙƙin noma abin da za su ci, wannan ba abin musu ba ne. Tambayar ita ce me za a bari, kuma jama'a ba ta barin abin da ba ta taɓa jin an yaba ba.

Wasu sun yi

Ba sabon abu muke nema ba. Mawaƙan Larabawa na dā sun cika waƙoƙinsu da sunayen tsirran sahara, har Abu Hanifa Dinawari, a ƙarni na 9, ya dogara da su wajen rubuta littafinsa na tsirrai. Alƙur'ani mai girma yana da surori masu sunan zuma da tururuwa da gizo-gizo da ɓaure. A Ingila, da aka lura wani ƙamusun yara na Oxford ya zubar da sunayen furanni da tsuntsaye ya sa kalmomin kwamfuta, marubuta suka yi ca, har Robert Macfarlane da Jackie Morris suka fitar da littafi a 2017 don dawo wa yara da kalmomin. A Amurka, malam-buɗe-littafin da ke ƙaura zuwa Meziko ya sa talakawa na shuka 'yar'uwar tumfafiya a ƙofar gida, saboda an ba su labarinsa har ya shiga ransu.

Misali mafi kusa da mu shi ne Cyprian Ekwensi. A Minna aka haife shi a 1921, ya yi karatun gandun daji, ya yi aikinsa. A 1962 ya fitar da Burning Grass, labarin Mai Sunsaye da iyalinsa makiyaya, wanda ƙunar ciyawa da tashin shanu ke juya shi. Littafin da ya sa ciyawar ƙasarmu a bangonsa da Turanci aka rubuta shi. Na Hausa har yanzu muna jira.

Abin da muke nema

Ba muna cewa marubuci ya juye ƙamus a cikin labari ba. Jerin sunaye ba adabi ba ne, mai karatu zai tsallake shi. Suna ɗaya da ya yi aiki ya fi ashirin na ado. Idan wadda aka sace ta gane watanni nawa ta yi a daji saboda gambar da ta tarar a gwiwa yanzu ta rufe kanta, an gaya mana tsawon wahalarta ba tare da kalanda ba. Idan wanda ya tsere ya ga rawaya ta fito a kan toka ya tuna miyar mahaifiyarsa, an haɗa mana tsoro da gida a layi ɗaya. Idan uwar da ke gudun hijira a Kaduna ta ce wa 'yarta kin yi kyau kamar gurjiya da hunturu, yarinyar ta tambaya mece ce gurjiya, to labarin ya faɗi abin da rahoto ba zai iya faɗa ba.

Ba kuma muna tura kowa daji ya jefa ransa cikin hatsari ba. Ilimin ya riga ya taso ya zo gari da ƙafarsa. Yana bakin tsofaffin da rikici ya koro, yana wurin masu sayar da saiwoyi a kasuwa, da masu zana, da mata masu tallar nono. Marubuciya za ta iya zama da gwaggonta yini ɗaya ta tashi da sunaye hamsin da labarin kowanne. Masu shirya gasar rubutu da editocin mujallu su ma suna da rawar takawa: in labari ya ce "wata bishiya", a tambayi mai shi, wace?

Fatanmu na musamman yana kan matasan Birnin Gwari da Kagara da Ɗansadau da Funtuwa, waɗanda suka tashi suna ganin dajin kafin ya zama abin tsoro, ko suka ji labarinsa a bakin iyaye. Su ne za su iya rubuta shi da ƙaya da furensa gaba ɗaya. Wasu sun ba duniya labarin wanda ya shiga dajin da bindiga. Saura labarin abin da ya tarar a can, wanda ya riga shi zuwa, kuma in an bar masa ciyawarsa zai daɗe bayansa.